Sauya Fuska, Sauke Ƙafa ko Tukunyar Gas: Ina Ya Kamata Kuɗin Gyaran Motarka Su Tafi?

Ƙanena ya shekara huɗu yana zubin adashi kafin ya mallaki Camry 'yar 2008, wadda matasa ke kira Masul. Ko wata guda bai yi da ita ba ya same ni a gida bayan la'asar, waya a hannu. "Yaya, duba min waɗannan," in ji shi. Hoton farko irin motarsa ce, an cire mata gaba an ɗora mata fuskar Lexus. Na biyu an sauke ta har cikinta na neman shafar kwalta, ga rim inci 20 baƙi wuluk. Na ukun ba na ado ba ne, but ne a buɗe da doguwar tukunyar gas kwance a ciki. Abin da ya rage masa a hannu ɗaya kawai zai yi, shi ya sa ya zo in zaɓa masa.

A nan Kaduna, duk mai zama a garejojin Kurmin Mashi, ko mai shiga Ori Apata neman kayan gyara, ya san wannan ce hirar da ake yi yanzu. Ni ina son mota tun ina yaro, kuma ba na cikin masu ganin ado a mota ɓarnar kuɗi ne. Abin da ke damuna shi ne in ga saurayi ya zuba guminsa a aikin da bayan damina ɗaya zai koma yana neman yadda zai warware shi.

Yayi ake magana a kai, yayi kuwa ba ya zama. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975 Kaduna ta zama garin Fijo, kuma manya suna tune da adon 504 da 505: labule a gilashin baya, shimfiɗa mai gashi a kan dashbod, doguwar eriya, fitilun hazo ruwan ɗorawa. Ga kuma manyan motoci masu bodin katako da masu fenti ke zana wa zaki da dawisu da jirgin sama, a rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya" a goshi. Da 'yan Kwatano suka cika gari, su Honda Halla da Henesi da Golf 3, sai aka koma ƙarfe mai ƙyalli, fiffike a kan but, shuɗiyar fitila a ƙarƙashin mota, da sifika mai girgiza tagar maƙwabta. Zamanin Honda Accord ɗin da ake kira EOD da Anakonda, da Fijo 406, ya zo da baƙin gilashi da fitila mai hasken walda da talabijin a bayan kujera. Yau kuwa kuɗi ake biya a rufe wancan ƙarfen mai ƙyalli da baƙar leda, a cire fiffiken, a sa faffaɗan allon Android da 'yan fitilu kamar taurari a rufi. Abin da aka yi alfahari da shi shekara 15 baya shi ne yau ke nuna mota ta tsufa.

Sannan kowane salo da muke gani a TikTok da Instagram ɗan wani gari ne, titin garinsu ne ya haife shi. Sauke mota ƙasa ya yi ƙarfi ne a Los Anjeles bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a hannun matasa 'yan asalin Meziko masu son tafiya a hankali kan shimfiɗaɗɗen titi kowa ya gan su. Da jihar Kalifoniya ta hana saukewa fiye da kima a ƙarshen shekarun 1950, sai suka ɗauko famfon haidurolik na jiragen sama suka sa, su ɗaga motar in sun hango ɗan sanda, su sauke in ya wuce. Jan mota a karkace taya na hayaƙi daga hanyoyin duwatsun Japan ya fito. Mu kuwa motar da ta yi suna a ƙasar nan, 504, da tsayin ƙafa da laushin sifirin ta yi shi, har ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975. Ba banza ba iyayenmu suka riƙe ta har ƙauyukan da ba su san kwalta ba.

To, mu fara da wanda ya fi jan idon matasa, sauke ƙafa da manyan rim. Yana da kyau, wannan ba a musu. Mota in ta zauna daidai a kan tayoyinta, babu wawakeken rami tsakanin taya da jiki, ko tsohuwa ce sai an waiwaya. Amma a duba lissafi. Tayar da Camry irin ta ƙanena ta zo da ita 215/60 R16 ce. Lamba ta farko faɗin tayar ce a milimita, ta biyun na nufin tsayin gefen tayar kashi 60 cikin 100 ne na faɗinta, wato milimita 129 na roba da iska tsakanin rim da ƙasa. In ka koma inci 18 da taya 235/45, gefen ya ragu zuwa 106. In ka je inci 20 da 235/35, ya koma 82. Wannan robar da ka rage ita ce ke shan duka kafin ya kai ga rim da boris da boljoyin da shokozoba. Ramin da tayar asali za ta haɗiye ba ka ma ji ba, a kan inci 20 sai ya lanƙwasa rim ko ya fito wa tayar da ƙulu a gefe. Taya mai ƙulu kuwa ta gama aiki, babu falkanaizan da zai gyara ta.

Gaskiya ne manyan titunan Kaduna sun canza tun aikin sabunta birni da aka fara a 2019, ga sabuwar gadar Kawo, ga hanyoyin da aka faɗaɗa a tsakiyar gari. Mai zaune a Unguwar Rimi da ke aiki a titin Yakubu Gowon zai iya mako bai taka ƙasa ba. Amma mota ba a kan Ali Akilu take kwana ba, a ƙofar gidanku take kwana, kuma a nan za ka yi wa kanka hisabi. Layinku a Rigasa ko Hayin Banki ko Unguwar Mu'azu ko Sabon Tasha, yaya yake komawa a watan Agusta? Kwalbatin shiga gida fa? Tudun rage gudu nawa ne tsakaninka da wurin aiki? Ranar da za ka ɗauki iyali zuwa ƙauye da Sallah, mutum biyar da buhun shinkafa a but, me zai rage tsakanin dutse da kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin injin? Kaskon nan in ya fashe mai ya tsiyaye ba ka lura ba, 'yan mintoci sun isa injin ya buga.

Sai yadda ake saukewar. Mafi araha, kuma mafi yawa a garejojinmu, shi ne a yanke sifirin ko a gasa shi da wutar walda har ya kwanta. Kada ka yarda. Wanda aka yanke ba ya zama daidai a mazauninsa, wanda aka gasa kuwa ƙarfensa ya mutu, kuma da wuya huɗun su yi tsayi ɗaya. Motar za ta dinga tsalle, shokozoba ya mutu da wuri, taya ta ci ta ciki. Akwai sifirin da aka ƙera musamman don saukewa, akwai mai zare da ake ɗagawa ko saukewa da sifana, akwai kuma na iska da ake dannawa daga ciki. Na iskar ne ya dace da mai son a sauke a wurin biki a ɗaga a layin gida, amma shi ne mafi tsada, kuma ranar da ya fashe a hanyar Abuja ba kowane bakanike ne zai taɓa shi ba. A ganina, ga Camry ko Accord ko Corolla a garin nan, inci 17 ne iyakar da hankali zai kwanta, 18 ga wanda bai cika barin kwalta ba. Accord dama can a ƙasa take, ba ta buƙatar ƙari. Rim ɗin kuma ya zama ramukan notinsa na motarka ne: Camry irin ta ƙanena da Accord daga EOD zuwa sama noti 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, Mercedes 5 a kan 112, 406 kuwa 4 a kan 108. Wanda aka faɗaɗa wa rami da ƙarfi don ya shiga, sitiyari zai dinga rawa, wata rana noti ya karye.

Sauya fuska wani al'amari ne daban, kuma shi ne yayin da ya fi ƙarfi a 'yan shekarun nan, musamman tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 cikin watanni. Sabuwar mota ta gagari mutane da yawa, sai aka koma sabunta ta hannu. Land Cruiser 'yar 2008 a mayar da ita kamar 'yar 2016 ko ma 2022, Lexus RX350 'yar 2010 a sa mata babban hancin nan na 'yan baya, Hilux da Prado haka. Galibin kayan daga Sin ake kawo su, kuma masu aikin sun ƙware. Na ga aikin da sai ka buɗe ƙofa ka ga dashbod sannan ka gane.

A nan dole a raba gida biyu. Akwai sauyin da ke cikin ƙira ɗaya, wato kamfanin da kansa ya yi wa motar kwaskwarima a tsakiyar zamaninta, gangar jikin ba ta canza ba. Camry 2007 zuwa 2009 ta ɗauki fuskar 2010, Mercedes ML 'yar 2012 ta koma GLE 'yar 2016, Land Cruiser 2008 ta koma 2016. Irin wannan kusan kwance ka ɗaura ne, ana samun kayan asali na Beljiyam, kuma in wani ya goge ka a cunkoson Kasuwar Barci za ka samu fitilar a kasuwa. Akwai kuma na tsallakawa zuwa wata ƙirar, inda sai an yanka, an yi walda, an cike da foti. Wannan ba ya warwaruwa. Abin da ba a faɗa maka ranar biyan kuɗi shi ne, fitilar da aka sa maka ba ta kowace mota ba ce, ta wannan haɗin ce kawai. Ranar da ɗan Keke ya fasa guda, sai dai ka jira a kawo daga Legas, ko ka sayi biyu. Robar masu arahar kuma rana ce ke cinye ta, zafin Maris da Afrilu ya mayar da ita ruwan ɗorawa, damina ta zo ruwa ya kwanta a ciki.

Akwai abin da ya fi fitila muhimmanci. A bayan bamba akwai ƙarfen da ke shan karo, da 'yan na'urorin da ke sanar da iyabag, jakar iskar da ke kare na cikin mota, cewa an yi karo ya buɗe. Mai aikin da bamba ta ƙi zauna masa, abin da ya tare hanya yake yankewa, saboda haka ka tsaya a kansa ka ga an mayar da komai. Bamba mai ƙaramin rami kuma tana rage iskar da ke shiga lagireto, sai ka ga motar da ba ta taɓa zafi ba ta fara tafasa a cunkoso.

Maganar sayarwa kuwa, zanen aro ba ya rufe katara. Dillalan mota ba fuska suke dubawa ba, lambar shasi suke karantawa. Lambar nan mai harafi 17, na goma a cikinta shi ne shekarar duk motar da aka yi don kasuwar Amurka: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, a haka har G 2016. Kuɗin sauya fuska ba ya dawowa duka, wani mai sayen ma rage maka zai yi, don yana zargin haɗari aka yi aka rufe da sabon gaba. Ina kuma roƙon masu yi, in ka tashi sayarwa ka faɗi shekararta ta gaskiya. Ɓoye aibin haja algus ne, kowa ya san hukuncinsa. Na fahimci ɗan kasuwar da ake auna shi da motar da ya shigo da ita, ga shi da Land Cruiser mai lafiyayyen inji. Sauya mata fuska ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayen sabuwa, a wurinsa kwalliya na biyan kuɗin sabulu. Amma ma'aikaci mai Camry guda, wanda gyaran ƙafa ma sai ya jira albashi, fuskar Lexus ba za ta rufe masa gefen motar da bayanta ba.

Ƙara da gudu ba zan daɗe a kansu ba. Cire tukunyar salansa a sa miƙaƙƙen bututu ƙara yake kawowa, ba wani ƙarfin a zo a gani ba, a irin injinanmu marasa turbo. Cire katalis ɗin nan mai tace hayaƙi, da makanikai ke kira indomi, yana kunna fitilar gargaɗi a dashbod, ya sa hayaƙi wari, ga ƙarafa masu tsada irin filatinom da ke cikinsa sun tafi. Wasan mota da ya zama ruwan dare a ɗaurin aure da Sallah gwaninta ce ta gaske, a Afirka ta Kudu ma an mayar da irinsa wasa mai rajista da fili da shinge. Amma da mota mai ja da tayoyin baya ake yin sa, su BMW da Mercedes, a killataccen wuri, ba Corollar gida da birkin hannu a tsakiyar 'yan kallo da yara ba. Rayukan da aka rasa a irin wannan a garuruwan Arewa sun isa haka.

Leda ta fi fenti ta fuska ɗaya, tana ɓaruwa ka dawo da launinka. Amma a kan fentin kamfani take haka. Yawancin motocinmu an taɓa fesa su, in fentin bai kama da kyau ba, da shi ledar za ta taso. In ka canza launi gaba ɗaya ka tuna takardun motar launi suka ambata, ka je a gyara. Baƙin gilashi akwai dokar 1991 a kansa, 'yan sanda ne ke ba da izini. Wanda zafi ne damuwarsa ba ɓuya ba, akwai leda mai haske ta siramik da ke tare zafin rana ba ta rufe gani ba.

Fitila ce ta fi ba ni takaici. Ƙwan LED a cikin gidan fitilar da aka ƙera don ƙwan halojin ba ya tara haske a titi, watsa shi yake a idon mai zuwa. Duk wanda ya taɓa dawowa daga Zariya da dare ya san abin da nake nufi. Kai da ka sa kana ganin ka samu haske, na gabanka kuwa ya makance na 'yan daƙiƙu, ga babur, ga mai tafiya a ƙasa a gefen hanya. Cikin hazon Disamba da Janairu kuma farin hasken nan mai shuɗi-shuɗi dawo maka yake a ido. In za ka canza, canza gidan fitilar gaba ɗaya zuwa mai ƙwayar gilashi a ciki, a saita tsayinsa a jikin bango. Allon Android yana da amfani ko don kyamarar baya, sharaɗin kawai a sa shi da soket ɗin da ya dace da motar. Rewayan da ya ɗauko reza zai yanka waya, dakatar da shi. An taɓa yi min haka a wata mota, na shafe wata biyu batir na mutuwa kowace safiya kafin a gano wayar da ke jan wuta cikin dare.

Yanzu ga hoto na uku. Kafin 2023 babu saurayin da zai lissafa tukunyar gas cikin gyaran mota na gayu. Ranar 29 ga Mayun shekarar, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, ita ta canza hirar. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta zarce 1,000 a 2024. Tambayar gareji ta tashi daga "nawa take gudu" ta koma "yaya shan manta". Gwamnatin tarayya ta kafa shirin mayar da motoci kan gas ɗin CNG, wato iskar gas da ake dannawa cikin tukunya, wuraren juyawa suka buɗe a manyan birane har da Kaduna.

Ba a cire tankin fetur. Motar na tashi da fetur, in ta ɗumama ta koma gas da kanta, in gas ya ƙare ta dawo. A cikin ukun nan shi kaɗai ne ke mayar maka da kuɗinka, amma sai kana yawan tafiya. Rubuta abin da kake kashewa a fetur a wata, tambayi farashin gas na ranar, fitar da bambancin, raba kuɗin juyawar da shi. Ɗan haya, ko mai zirga-zirga tsakanin Kaduna da Abuja, ko mai tashi daga Mando zuwa Barnawa kullum, zai ga watannin ba su da yawa. Wanda motarsa daga gida sai ofis sai masallacin Juma'a zai iya shekaru bai fanshe ba.

Tukunyar ƙarfe mai lita 65 ta kai nauyin babban mutum, kullum tana zaune a bayanka, ga ta cinye wajen rabin but. Abin da take ɗauka kwatankwacin lita 15 ne na fetur, wato ga Camry da ƙyar ya kai ka Abuja, tafiyar kilomita 190 ko kusa. Ƙarfin motar yana ɗan raguwa, za ka ji a hawa ko wajen wuce tirela. Filogi da koyil sai masu lafiya, don gas ya fi fetur wuyar kamawa. Babbar matsalar gidajen sayarwa ce, ba su kai na fetur yawa ba ko kusa, layi kan yi tsawo. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka fara a 2020, shi ake sa rai zai wadatar da Arewa. Kafin ka juya, je gidan gas mafi kusa da kai a lokuta daban-daban, ka tambayi direbobin da ke layi awa nawa suke yi. Su ne za su gaya maka gaskiya.

Abin da ba a sassauci a kansa shi ne tukunyar. Gas ɗin CNG ana danna shi ne a matsin bar 200, na girki kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Tukunyar CNG ƙarfe guda ce marar ɗinkin walda, da lambar gwaji a jikinta. Ina girmama masu waldan kasuwar Panteka, babu abin da ba sa ƙerawa, amma wannan ba aikin walda ba ne, na kowane gari kuwa. A Oktoban 2024 wata mota mai tukunyar da aka yi wa walda ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata. Je wurin da ke da rajista, karɓi takardar aikin, ka ga maɗaurin tukunyar a ƙarfen motar aka kafa shi.

A kuma lura, gas da sauke ƙafa ba sa shan inuwa ɗaya. Nauyin tukunya da kansa zai sauke bayan motar, wanda ya riga ya yanke sifirin ya ƙara tukunya, salansarsa a ƙasa za ta dinga ja. Mai ƙaton akwatin sifika a but shi ma dole ya zaɓi ɗaya.

Ni da tambaya uku nake auna su. In na gaji, sifana za ta warware shi ko sai wutar walda? Titin gidanmu zai bar shi ya kai shekara? Ranar sayarwa zai ƙara min ko zai rage? Rim matsakaici sifana ce maganinsa, ba ya kuma karya farashi, sai dai unguwarka ta amsa ta biyun. Sauya fuska cikin ƙira ɗaya titi bai dame shi ba, asararsa a ranar sayarwa take. Na tsallake ƙira ya faɗi ta farko da ta uku. Gas yana kwancewa, sai 'yan ramukan da aka huda, kuma ɗan haya zai so shi a jikin mota, mai saye don iyali zai iya cewa a cire.

Akwai hanyar da ba ta cikin hotunan ƙanena, wato barin mota yadda kamfani ya yi ta a gyara ta tsaf. Masu 504 da 505 da tsofaffin Mercedes da suka riƙe su da kujerunsu na asali, yau su nake tsayawa kallo a wurin biki. Motar da aka haɗa a Kakuri shekara 40 baya, in tana da lafiya, tarihin garin nan ce. Duk wanda ya gaji irinta a gida ina roƙonsa kada ya yanka ta.

Ƙanena kuwa, cewa na yi ya kawo motar garejin da nake kai tawa kafin mu yanke komai. Da aka ɗaga ta, shokozoba biyu na baya sun jiƙe da mai, bushin ƙafar gaba sun tsage, tamostat mai daidaita zafin inji babu, an cire shi an haɗa fanka kai tsaye wai don zafin ƙasarmu, alhali hakan hana injin kai wa zafin aikinsa yake da sanyin safiya, ƙwaƙwalwar motar ta yi ta ƙara masa mai. Na nuna masa lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 3117, wato mako na 31 na 2017. Hukumar kiyaye haɗurra shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka yi ta. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ke nan kuɗin nan a ƙarƙashin mota za su ƙare, babu wanda zai gani?" Maigidan garejin ya riga ni: "Samari, kai za ka ji a jikinka tun daga ƙofar nan."

Abin da muka tsayar ke nan, ƙafa da birki da tamostat tukuna. Tunda dole a sayi taya huɗu, sai a saye su 215/55 a kan rim inci 17 na asali irin na Camry SE, ya zauna ba a taɓa sifirin ba, tsofaffin rim ɗin a ajiye a gida. Fuskar Lexus ya haƙura da ita, in ya samu sarari nan gaba zai sa bamba da fitilun 2010. Maganar gas tana nan, don Rigasa yake kwana, Kakuri yake aiki, duk ƙarshen mako yana Zariya wajen Hajiya. Na ba shi ƙaramin littafi ya ajiye a mota, ya rubuta duk litar da ya sha da kilomitar da ya yi har ƙarshen wata, ya kuma leƙa gidan gas sau uku ya ga layi. In ya kawo littafin za mu zauna.